Dirza da soso na ƙara wa mai ekzema ciwo

Da hunturu ya shigo, manya masu ciwon ekzema kan yawaita a ɗakin da nake duba marasa lafiya a unguwar Zariya ta Maradi. Za ka ga bayan gwiwa da lanƙwasar hannu sun yi baƙi, sun yi kauri, sun tsattsage don susa. Kusan kowa sai ya ce mini sau uku yake wanka, da soso yake dirzawa. Nan ne raina ke ɓaci, domin wannan tsabtar ce ke hana su warkewa.

Saman fata mai lafiya na da ɗan tsami. Tun 1928 wasu likitoci biyu a Jamus, Schade da Marchionini, suka bayyana haka. A ma'aunin pH, fata na tsakanin 4.5 da 5.5, sabulun wanki kuwa yana kai 9 zuwa 10. Sabulun salo ma, da yake da toka ake yin sa, yana can sama. A cikin wannan tsamin ne jiki ke haɗa maiƙon da ke liƙe ƙwayoyin fata, kamar yadda kwaɓi ke riƙe tubali. In tsamin ya ragu, maiƙon ya ƙaranta, ruwan jiki ya tsere, ƙura ta samu ƙofa, ƙwayar cutar da ke sa ruwa da mugunya ta samu wurin zama. Mai ekzema dama tsaminsa ya yi rauni. Sabulu mai ƙarfi sai ya ƙarasa shi.

Matan da ke wuni hannu cikin Omo da masu noman rani na Jiratawa su ne hannayensu suka fi shan wuya. Nakan ce: Hajiya, wanka ɗaya ya isa, da ruwa mai ɗumi kaɗan, a ajiye soson. Kafin jiki ya bushe ki shafa man kaɗanya ko basilin marar turare, da dare ki sake.

Kada a sayi man bilicin a kasuwa don yana kwantar da ƙaiƙayi. Da yawansu na ɗauke da magani mai ƙarfi da ke sirantar da fata, sai likita ya kamata ya ƙayyade kwanakinsa. Ciwon ba ya yaɗuwa, kada a ware wa mutum kwano ko tabarma. In wurin ya fara fitar da ruwa ko ɓawo rawaya, ko daga Tibiri mutum yake, ya zo a duba shi a ranar.