Waƙar Ƙwayar Hana Barci Tare da Sharhinta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amma bayan haka, ya 'yan'uwa, na tsara waɗannan baitoci ne saboda wani abu da ya faru a cikin gidana, wanda ni kaina ina da rabon laifi a cikinsa.

Da sunan Allah zan fara waƙa,
Wanda Ya yi dare Ya sa mai barci.

Salati ga Annabi ɗan Amina,
Da alai, sahabu, ma'abota aminci.

Ku saurara, ikhwani, in faɗa muku
Wata ƙwaya, gaba zuma, baya ɗaci.

Likita in ya ba ta, magani ce
Ga mai cuta, da awo da lokaci.

Wanda ya sha ta ba shi da cutar,
Ya ci bashi, jiki zai biya da ƙunci.

Sharhi: Ka sani, ya ɗan'uwa, ƙwayar da nake nufi ba tiramol ba ce. Tiramol dangin maganin kashe zafin ciwo ce, hanyarta daban, maganin barinta ma daban. Wadda nake nufi ita ce mai zaburar da ƙwaƙwalwa, kuma manyanta biyu ne: amfetamin da metilfenidat, wadda aka fi sani da Ritalin ko Concerta. Amfetamin an fara haɗa shi a Balin ta ƙasar Jamus a 1887. Metilfenidat kuwa wani masani mai suna Panizzon ya haɗa ta a Basel ta ƙasar Suwis a 1944, ya laƙaba mata sunan matarsa Rita. Likitoci suna rubuta su ga mai cutar rashin natsuwa, wanda tun yana ƙarami hankalinsa ba ya tsayawa kan abu guda, da kuma mai cutar da barci ke kayar da shi da rana tsaka ba da sonsa ba. Ga waɗannan magani ne halal, kuma kada wanda ya karanta wannan ya je ya ƙwace wa ɗansa abin da likita ya rubuta masa. Binciken likitoci ya nuna yaran da aka ba su shi bisa ƙa'ida bai ƙara musu haɗarin shaye-shaye ba.

Dalilin da na ce bashi: akwai wasu sinadarai a cikin ƙwaƙwalwa, dofamin da noradirenalin, su ne ke kawo himma da farkawa da jin daɗin aiki. Allah Ya sa suna fita da awo, su yi aikinsu, a mayar da su ma'ajiyarsu. Ritalin tana toshe hanyar mayar da su, amfetamin kuwa ya ƙara da tatso su da ƙarfi. To ka ga ƙwayar ba ta zo da ƙarfi daga waje ba, naka ta fasa. Kamar mai buɗe rumbu ne da kaka ya yi ta wadaƙa, bazara tana jiransa. Sojojin Jamus an raba musu ƙwaya miliyan 35 ta irin wannan, mai suna Pervitin, a watanni kaɗan na shekarar 1940 don su yi tafiya dare da rana. Da ɓarnar ta bayyana ga duniya, sai ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Biyana a 1971, aka sa waɗannan ƙwayoyi cikin masu tsananin tsaro.

Ɗaya ta isa jiya, yau sai uku,
Gobe a daka ta a shaƙa ta hanci.

Ya bar tuwo, ya bar shimfiɗa,
Yana zargin uwa tasa da munafunci.

Na gan shi tsaye dare duka na yaba,
Ashe yabon nan nawa jahilci.

Sharhi: Wannan ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi, a gabana ya sauke. Ya tafi karatu Faransa. Da jarrabawa ta matso, abokin ɗakinsa wanda likita ke rubuta wa Ritalin ya ba shi guda. Ya karanta a dare ɗaya abin da yake yi a kwana uku. Daga baya ya haddace alamomin cutar, ya je ya karanta wa likita su kamar hadda, aka rubuta masa tasa. A ƙasar nan ba a ba da ta fiye da kwana 28 a takarda ɗaya. Shi kuwa sai ya shanye ta kwana 28 a kwana goma, sauran ya saya a hannun ɗalibai. Saboda ƙwaƙwalwa idan ta ga sinadarin ya yi mata yawa sai ta rage jinsa, yadda kunnen mai zama kusa da injin niƙa yake daina jin ƙara. Abin da ɗaya ke yi sai ya koma sai uku. Da haɗiya ta daina isarsa ya koma dakawa yana shaƙa, domin ta hanci ta fi saurin kaiwa, kuma duk abin da ya fi saurin kaiwa ya fi saurin kama mutum.

Ya zo gida da azumi ɗauke da guzurinsa, ba wanda ya sani. A goman ƙarshe ya shiga i'itikafi tare da mu a zawiya. Dattijai su gaji su kwanta, matasa su yi gyangyaɗi, shi yana tsaye har asuba, da rana kuma yana kan Alƙur'ani. Sahur loma biyu. Sai na miƙe gaban jama'a na nuna shi na ce ku dubi wanda ya je ƙasar Nasara ya dawo ya fi ku himma. Allah Ya gafarta mini. Daga baya ya ce da ni, "Baba, daren da ka yabe ni na ƙara biyu a kan abin da nake sha, don kada ka ga na kasa."

Alhali na san hadisin igiya, na ma sha karantar da shi. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu a masallaci, aka ce ta Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa, sai ya yi umarni a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Igiyar kaba aka hana, ina ga igiyar da ke ɗaure a jijiyar zuciya? Wani zai ce ai magabatanmu sufaye na Yaman su suka fara shan gahawa don raya dare da zikiri. Gaskiya ne, har aka hana ta a Makka a 1511, daga baya malamai suka tsaya kan halaccinta. Mu ma ga goro, ga shayi. Amma mai shan shayi in ya yi kofi uku barci yana cin ƙarfinsa a ƙarshe, kuma ban taɓa ganin wanda goro ya sa ya zargi mahaifiyarsa ba.

Shi kuwa ya yi. Kwana biyu kafin salla ya ce ana maganarsa a bayan katanga. Ya ce uwarsa ta haɗa kai da wasu ana sa masa abu a fura. Yana susar hannu har jini, wai ƙwari na tafiya ƙarƙashin fatarsa. Zuciyarsa na bugawa kamar ganga. Mata suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, ban hana ba. Sai wani ɗan'uwanmu ma'aikacin likita ya yi tambaya ɗaya: kwana nawa rabonsa da barci? Muka ƙirga, biyar. Ya ce a buɗe jakarsa.

Mai son fita kar a kore shi zaure,
Gori ba ya warkarwa, sai wulaƙanci.

A kai shi ga likita, a raka shi,
A ba shi gado, a ba shi abinci.

Sharhi: Mun kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa a Yamai. Ya ba shi abin da ya kwantar da firgitar, ya duba zuciyarsa da hawan jininsa, ya ce irin wannan ruɗewa galibi tana washewa cikin kwanaki in an daina sha an yi barci. Haka kuwa aka yi. Ya yi barci kusan kwana biyu, ya tashi ya ci kamar wanda ya fito daga fari. Muka yi murna muka ce an gama. Likita ya ce yanzu aka fara.

Ka riƙe wannan, ya ɗan'uwa, domin nan ne ake rasa rai. Barin wannan ƙwaya ba ya kawo farfaɗiya irin wadda barin giya ke kawo wa wanda ya daɗe a cikinta. Abin da yake kawowa baƙin ciki ne mai nauyi. Rumbu ya zama wayam, babu abin da ke yi wa mutum daɗi, ko abinci, ko hira, ko karatu. Mafi tsananinsa makon farko da na biyu, amma kasala da kwaɗayin ƙwayar suna jan makonni har watanni. A kwana na shida yaron ya ce da ƙaninsa mutuwa ta fi masa. Likita ya riga ya gargaɗe mu: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya da wuƙa da maganin ƙwari na gona, kuma in ya yi irin wannan magana a komo da shi nan take. Na sa tabarmata a bakin ƙofar ɗakinsa wata guda.

Na tambayi likita ko akwai allurar da za ta cire masa son abin. Ya ce masu shan dangin hiroyin suna da metadon, amma wannan har yanzu ba a sami maganin da hukumomi suka tabbatar ba. Gwajin da aka buga a Amurka a 2021, inda aka haɗa naltirezon da bufurofiyon ga masu shan metamfetamin, kimanin 14 cikin ɗari ne suka amfana, a kan ƙasa da 3 cikin ɗari na waɗanda ba a ba su ba. Ci gaba ne, amma ba shi ne mafita ga kowa ba. Abin da ya fi aiki zama ne da mai ba da shawara mako mako, a gano me ke tayar da kwaɗayin, a shirya abin da za a yi in ya taso. Na yaronmu tsoron faɗuwa ne: duk sa'ad da ya buɗe littafi ya ga bai gane ba, sai hannunsa ya tafi aljihu.

In ya yi kwana bakwai bai sha ba,
A ba shi tukuici, a ƙara zumunci.

In ya zame a ɗaga shi a sake,
Ubangijinmu Mai yawan sassauci.

Sharhi: Wannan baiti ya fi ba ni wuya, domin da farko na ƙi shi. Wani malamin jami'a a Bamont ta Amurka, Stephen Higgins, ya fara gwada shi a farkon shekarun 1990 ga masu shan hodar iblis: duk sa'ad da aka gwada fitsarin mutum aka ga babu komi, a ba shi 'yar kyauta, in ya jera ta ƙaru, in ya zame ta koma ƙasa a sake daga farko. Har yau babu hanyar da hujjarta ta kai ta wannan a kan ƙwayoyin zaburarwa. Na ce da likita, yanzu sai mu biya mutum lada don ya bar saɓo? Na kwana da abin. Sai na tuna mu ne muke yanka wa yaro kaza in ya kai hizifi, ba mu ce ya jira ladan lahira ba, kuma shari'a ta ware kaso a zakka don lallashin zukata. Ƙwaƙwalwar da ta saba da lada na nan take ba ta jin alkawarin nesa, sai an bi da ita da na kusa har ta warke.

Gwajin fitsari na amfetamin da aka saba yi ba ya kama Ritalin, saboda haka muka auna da abin da ido ke gani: zuwansa wajen likita, nauyinsa a ma'auni, barcinsa. Ranar Juma'a in mako ya cika, in ba shi abin da muka yi alkawari a gaban uwarsa. Kuɗi ba ya kwana a hannunsa, wannan da yardarsa.

A wata na huɗu ya zame. Ya sayi wata ƙwaya a tasha a hannun mai tebur, wadda shi kansa mai sayarwar bai san abin da ke cikinta ba. Ko wadda ake kira Captagon a yau ba ita ce maganin da aka haɗa a Jamus a 1961 ba, galibi amfetamin ne da kafin aka cuɗa. Shi ya zo da kansa ya faɗa mini bayan isha. Na ji maganar gori ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta, na ce gobe da safe mu koma wajen likita. Muka sake ƙirga daga ɗaya.

Shekarar karatu guda ta tafi. Da hankalinsa ya daidaita likita ya auna shi da kyau, ya ce ba shi da cutar rashin natsuwa tun asali. Yanzu yana karatu awa uku da safe, yana kwanciya bayan isha. Yana zama tare da mu a wazifa, wani lokaci in waiwaya in ga kansa ya sunkuya yana gyangyaɗi, carbi ya zame daga hannunsa. Da can nakan zunguri mai yin haka da sandata. Yanzu na bar sandar a zaure.

Baitocin waƙar goma sha biyu ne. Tammat.