Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Lasisin Windows Da Kwamfutar Kwaikwayo

Yawancin kwamfutocin da 'yan kasuwa ke saye, ko sababbi ko na hannu irin na kasuwar Computer Village da ke Ikeja, suna zuwa ne da babbar manhajar Windows a cikinsu. Lasisin wannan manhaja, wanda ake kira OEM, kamfanin da ya ƙera kwamfutar ne ya saye shi daga Microsoft cikin rahusa, bisa sharaɗin cewa ba zai rabu da wannan kwamfuta ba. Ana iya sayar da su tare, amma ba a raba su.

Ita kuwa kwamfutar kwaikwayo, wata kwamfuta ce da manhajoji irin su VirtualBox da VMware da Hyper-V ke ƙirƙirowa a cikin ta ainihi. Kamfanoni kan yi amfani da ita domin ci gaba da aiki da tsohuwar manhajar lissafin kuɗi, ko kuma domin gudanar da Windows a kan kwamfutar da aka mayar da ita ta Linux.

Ƙa'idar Microsoft a kan Windows 10 da Windows 11 ita ce, lasisi ɗaya kwafi ɗaya yake halattawa, ko a kwamfutar ainihi ko a ta kwaikwayo. Saboda haka, ɗan kasuwar da ya bar Windows tana aiki a kwamfutarsa, sannan ya sake ɗora ta a kwamfutar kwaikwayo, kwafi biyu ke nan, kuma tilas ya sayi lasisi na biyu. Haka nan bai halatta a ɗauki lasisin wata kwamfutar da ta mutu a kai shi kwamfutar kwaikwayo da ke cikin wata na'urar dabam ba.

Akwai kuma matsalar aiki. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, an daina manna lambar lasisi a jikin kwamfuta, aka koma dasa ta a cikin allon na'urar. Kwamfutar kwaikwayo ba ta ganin wannan lamba kai tsaye, don haka sau da yawa Windows kan ƙi amincewa da lasisin.

Batun ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 tana bukatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da ita.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta shekarar 2022 ta ba manhajojin kwamfuta kariya. Don haka ya kamata kowane kamfani ya ƙidaya kwafin Windows da ke aiki a ofishinsa, har da na kwaikwayo, ya gwada da yawan lasisinsa, ya kuma adana rasitan saye. Inda aka sami giɓi, a sayi lasisi mai zaman kansa, wanda ana iya mayar da shi wata kwamfutar idan an cire shi daga ta farko.