Yadda Ake Shirya Zagayen Birnin Kano a Kan Keke Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne Kano ke samun irin safiyar da mutum zai yi awa uku a kan keke bai jiƙe da gumi ba. Da bazara rana ba ta bari, da damina kuma lungunan cikin birni taɓo ne. Hunturu kuwa ƙasa a bushe take, rana ba ta da kaifi sai can wajen azahar. Dama ce ga abokai, ko 'yan unguwa ɗaya, ko malami da ɗalibansa, su haɗa ayari su zaga wuraren tarihin da kullum suke wucewa cikin Adaidaita Sahu ba tare da sun ɗaga kai sun duba ba. Tafiyar ba tsere ba ce. Amfaninta yana wajen tsayawa, a sauka, a gani, a yi tambaya. Ga yadda ake shirya ta.

Mataki na farko: zaɓen rana da lokaci

Safiyar Lahadi ta fi dacewa, domin tituna sun fi sauƙin cunkoso. A guji Juma'a, saboda kewayen fada da babban masallaci kan cika tun da hantsi. A kuma kula da Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, lokacin da ake taƙaita zirga-zirga da safe. A haɗu da ƙarfe bakwai, a tashi bakwai da rabi, a yi niyyar kammalawa kafin azahar. Idan gari ya waye da hazo mai kauri, har mutum ba ya hango motar da ke can gabansa, a ɗaga tafiyar zuwa wani makon. Direba ba zai ga mai keke da wuri ba, kuma ƙurar tana wahalar da masu asma.

Mataki na biyu: bin hanyar tun kafin ranar

Mutum biyu su hau keke su bi hanyar kwana biyu ko uku kafin tafiyar. Su lura da inda ake aikin titi, da inda kwalbati ya buɗe, da mahaɗar da ke da wuyar tsallakawa, da inda za a jingine kekuna a kowane zango. Su tambayi lokacin buɗe gidajen tarihi da kuɗin shiga, don kada ayari ya iso ya tarar da ƙofa a rufe. Kada tsawon hanyar ya wuce kilomita 12 zuwa 15. Idan mahaya za su haura ashirin, ya kyautu a sanar da hukumar KAROTA, a kuma gai da masu unguwannin da za a yada zango a cikinsu.

Mataki na uku: duba keke

Kowa ya kai kekensa wajen mai gyara tun jajibiri. A duba birkin gaba da na baya, a ba taya iska, a ɗaure duk notin da ya kwance, a tabbatar ƙararrawa tana aiki. A daidaita sirdi yadda idan feda ta sauka ƙasa, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Game da sarƙa, a goge ta da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake gogewa. Mai da yawa ƙura yake kamawa, ya zama dagwalo mai cin ƙarfe. Ayari ya tanadi famfon iska, da kayan faci, da sufana, da ƙaramin akwatin magani mai auduga, aidin da filasta.

Mataki na huɗu: sutura da guzuri

Sanyin ƙarfe bakwai ba shi ne na ƙarfe goma ba. Saboda haka gara riga biyu marasa nauyi da rigar sanyi a sama, wadda za a cire a ɗaure a bayan keke idan jiki ya ɗumama. Safar hannu tana da amfani, don yatsu ne ke fara sandarewa, kuma da su ake kama birki. A sa hular kwano, da takunkumin hanci, da tabarau saboda ƙura. A shafa man kaɗanya a leɓe da hannu da dunduniya. Babbar riga da dogon mayafi kan shiga sarƙa ko taya, don haka a tattare su, a kuma ɗaure bakin wando na ƙafar dama. Kowa ya riƙe gorar ruwa. Iskar hunturu busasshiya ce, tana zuƙe ruwan jiki mutum bai ji ƙishirwa ba, don haka a sha a kowane zango. Dabino da gyaɗa sun isa guzuri.

Mataki na biyar: tsarin ayari

A nan sai a yi koyi da fataken da: akwai jagaba a gaba wanda ya san hanya, akwai madugu mai yanke shawara, kuma ba a barin kowa a baya. Jagaba ba a wuce shi. A ƙarshen layi a sa mutum mai haƙuri wanda ya iya faci, kayan gyara suna hannunsa. Yara da dattawa da sababbin koyo su kasance a tsakiya. Saurin ayari shi ne saurin wanda ya fi kowa rauni. A kan babban titi a jeru ɗaya bayan ɗaya ta hannun dama, da tazarar keke biyu a tsakani. Kafin a tashi, madugu ya nuna alamun hannu: miƙa hannu gefe don kwana, ɗaga shi sama don tsayawa, nuna ƙasa don rami. Idan mahaɗa ta raba ayari, na gaba su tsaya a gefe har na baya su iso.

Mataki na shida: hanyar da zangunanta

A fara daga Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan ƙasar da Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Wurin yana da fili, ya dace da haɗuwa. Daga nan a nufi Ƙofar Nasarawa. Kafin a shiga gari, wanda ya san tarihi ya yi wa ayari bayanin badala: Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta. A nuna wa yara abin da ya rage, da inda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka cinye.

Zango na biyu Gidan Makama ne, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau gadon sarauta a 1463, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. A ba shi lokaci sosai, aƙalla minti arba'in. A ɗaga kai a dubi bakan gizo da azarar rufin zaure, a duba tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotuna. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa. A sauka a tura keke, a gai da dogarai, kada a ɗauki hoto sai an nemi izini. Sai a zaga ta babban masallacin Juma'a, wanda aka yi gininsa na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Zango na uku Kasuwar Kurmi, ita ma tun zamanin Rumfa. Layukanta matsattsu ne, ba a shiga da keke. A jingine su wuri ɗaya, mutum biyu su tsaya gadi, sauran su shiga rukuni-rukuni wajen dukawa da masu kayan doki da masu turare. Madugu ya faɗi lokacin dawowa, domin Kurmi tana cinye lokaci. A nan kusa, a Jakara, ake samun gurasa mai zafi, sai a karya.

Zango na huɗu Dutsen Dala, tushen garin, inda tarihi ya ambaci Barbushe da Tsumburbura, inda kuma aka gano alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. A bar kekuna a gindin dutse a hau matakala a hankali. Wanda ƙirjinsa ba ya son ƙura ya zauna ƙasa tare da masu gadi. Daga sama, idan hazo ya yi sauƙi, za a hango Goron Dutse ta yamma da hasumiyoyin masallacin da aka baro.

Zango na ƙarshe marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498. A yi sallama, a roƙi wani daga cikin marina ya nuna yadda ake haɗa baba da toka da kanwa a cikin karofi, da yadda zane ke fitowa kore-kore sannan ya rikiɗe shuɗi da ya sha iska. A leƙa wajen masu bugu. Wanda yake da hali ya sayi ko da ƙyalle ɗaya, domin ciniki ne ke riƙe sana'ar, ba kallo ba.

Mataki na bakwai: kammalawa

Kafin a watse, madugu ya ƙirga mutane, a tabbatar yara sun sami mai raka su gida. A tattara ledoji da gorunan da aka sha. A tambayi kowa inda ya sha wuya, musamman na tsakiyar layi, don a gyara a tafiya ta gaba. A gida kowa ya goge ƙurar keke, ya sake ɗiga wa sarƙa mai. Sannan a tsayar da ranar zagaye na biyu tun sanyi bai wuce ba, a bi ta yamma: Ƙofar Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, har Kabuga, ɓangaren da sojojin Ingila suka shigo birnin a 1903. A sa wa kowane mahayi sharaɗi ɗaya: ya zo da wani wanda aka haifa a Kano amma bai taɓa hawa Dala ba.