Yadda Ake Auna Matsayin Ɗalibi a Tsakanin 'Yan Ajinsu

A shekarar 1932, 'yan mata 14 suka gudu cikin mako biyu daga wata makarantar gyaran tarbiyya da ke garin Hudson, a Jihar New York ta Amurka. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Jacob Moreno, da abokiyar aikinsa Helen Jennings suka yi nazarin al'amarin. Ba su tsaya ga halin kowace yarinya ita kaɗai ba. Sai suka nemi kowace ɗaliba ta ambaci waɗanda take son zama da su a gida ɗaya, suka zana amsoshin a takarda: ɗigo a madadin yarinya, kibiya daga mai zaɓe zuwa wadda aka zaɓa. Zanen ya nuna cewa waɗanda suka gudu suna da zaren shaƙuwa da ya haɗa su, ko da yake ba gida ɗaya suke kwana ba. Wannan dabara ita ake kira sosiyometiri, kuma Moreno ya bayyana ta a littafinsa na 1934.

A 1982, John Coie da abokan bincikensa suka ƙara mata kaifi. Ana tambayar yaro ya faɗi uku da ya fi so a ajinsu, da uku da ba ya so. In an ɗebe ƙuri'un ƙi daga na so, an sami farin jinin yaro. In an haɗa su, an sami yadda ake lura da shi. Daga nan rukunoni biyar suka fito: mai farin jini, wanda ake ƙi, wanda aka manta, mai raba kan aji, da matsakaici.

Inda darasin yake shi ne bambancin wanda ake ƙi da wanda aka manta. A idon malami duk ɗaya ne, domin kowanne shi kaɗai yake zama lokacin tara. Amma wanda aka manta yakan sami abokai idan ya sauya aji, alhali ƙiyayya takan bi mai ita shekara da shekaru, kuma irinsa ya fi shiga haɗarin barin makaranta.

Sai dai tambayar "wa ba ka so?" wuƙa ce mai kaifi biyu. Malamin da zai yi ta wajibi ne ya karɓi amsa a rubuce, a asirce, kada ya karanta sakamako a gaban aji. Wasu masana sun gwammace a ba yaro jerin sunayen ajin duka, ya ba kowa maki daga 1 zuwa 5.