Ƙuri'ar Dunƙule a Ƙasar Haɗeja

Sau da yawa idan aka bayyana sakamakon zaɓe sai a tarar wata ƙaramar hukuma ta juye kusan dukkan ƙuri'unta cikin akwatin jam'iyya guda, kamar mutum ɗaya ne ya kaɗa su. Masu hanzarin yanke hukunci kan danganta wannan da jahilci ko maguɗi. Ba a musun aukuwar maguɗi, amma tarihin masarautar Haɗeja, mai ƙananan hukumomi 8, ya nuna lamarin ya fi haka zurfi.

Abin lura na farko shi ne, jam'iyyar da ake dunƙulewa a kanta takan sauya. A 1979, lokacin da Haɗeja ke cikin Jihar Kano, PRP ta Malam Aminu Kano ce ta cinye jihar, kuma soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi ya ƙara kafa ta a zukatan talakawa. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 sai SDP ta hau, sannan APP a 1999, PDP a 2007, APC kuma a 2015. Ke nan ba tutar jam'iyya ake bi ba. Dunƙulewar ce ta dawwama.

Tushen wannan ɗabi'a yana cikin fadama. Manomin shinkafa ko alkama a Auyo, da masunci a Guri ko Kiri Kasamma, ba mai cin gashin kansa ba ne. Gonar da yake nomawa, da ruwan da zai kai mata, da bashin iri da taki, duk sukan bi ta hannun wasu: mai unguwa, da dagaci, da sarkin ruwa, da attajirin da zai sayi amfanin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, hawa da saukar kogin Haɗeja suka koma hannun hukuma, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa, har wasu garuruwa na fama da ambaliya alhali wasu na kukan ƙamfar ruwa. Mutum ɗaya ba ya iya yashe kogi. Gari ne ke zuwa gaban gwamnati da kukansa, kuma garin da ya rarraba ƙuri'arsa ba shi da abin ciniki a hannu. Saboda haka akan yanke shawara a majalisar dattawa da ƙofar masallaci tun kafin ranar zaɓe, rumfa sai dai ta tabbatar da ita.

Akwai kuma kishin masarauta. Ajiye hedkwatar jiha a Dutse bai yi wa Haɗejawa da yawa daɗi ba, shi ne ma ya rura wutar neman jihar Haɗeja. Sai a 2023 aka zaɓi gwamna daga masarautar, wato Umar Namadi na Kafin Hausa, wanda ya kara da Mustapha Sule Lamido na PDP. A irin wannan takara, "namu ne" ya fi kowane alkawari nauyi.

Wanda ya ɗauka jama'ar nan tumaki ne da ake kaɗawa, sai ya dubi 2011. A shekarar, mutanen Jigawa sun sake zaɓen Sule Lamido na PDP a kujerar gwamna, amma a zaɓen shugaban ƙasa Muhammadu Buhari na CPC ne ya yi rinjaye a jihar. Masu zaɓe ɗaya, akwatuna biyu, lissafi biyu. A 2015 kuwa, duk da gwamnatin jiha tana hannun PDP, Buhari ya sami ƙuri'a 885,988, Goodluck Jonathan kuma 142,904.

Wanda wannan tsari ya fi cuta shi ne mai ra'ayin daban a ƙaramin ƙauye, domin inda rumfa ɗaya ce kuma kowa ya san kowa, ƙuri'a biyar da suka kauce ba su da wuyar ganewa, kuma rabon taki na tafe da damina.