Ɗinkin Tiyata Yana Mugunya: Mu Jira Gwaji?

Tambaya: Ɗinkin tiyatar haihuwar maiɗakina yana fitar da mugunya. Likita ya ɗebi samfuri, ya ce sakamakon gwaji sai bayan kwana uku. In sayo mata Ampiclox a kemis? Daga Shadawanka, Bauchi.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, Malam. Don Allah kada ka saya. A ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, shuka mugunyar ake yi a faranti, a bar ta cikin zafin digiri 37, awa 24 zuwa 48, har ƙwayar cutar ta tsiro a gane ta, sannan a jarraba wa ƙwayar magunguna; shi ya sa likita ya ce sai bayan kwana uku. Ƙwayar cutar Staphylococcus aureus, wadda ta saba kama raunin tiyata, wasu nau'o'inta sun daina jin Ampiclox gaba ɗaya. In zazzaɓi ya taso ko wurin ya kumbura, ka mayar da maiɗakinka asibiti nan take.