Naira Tiriliyan Ɗaya: Za Ta Rabu Daidai?

Da yawanmu in muka ga doguwar lamba a jarrabawa sai mu tsallake ta, mu yi asarar maki. To mu ɗauki naira tiriliyan ɗaya, wato 1 da sifiri 12. Kowane sifiri ninki goma ne, goma kuwa 2 × 5 ce. Su 2 da 5 ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, kuma su kaɗai ne a cikin tiriliyan, kowacce sau 12.

Ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja za su raba ta daidai, kowacce biliyan 125, domin 8 ita ce 2 × 2 × 2. Amma 27 na Jigawa fa? Ita 27 ai 3 × 3 × 3 ce, kuma babu 3 a tiriliyan. Naira ɗaya za ta yi saura. Mu gwada da 1,000 mu gani.